Ko Taura Biyu Na Taunuwa? Koyon Turanci Tare da Karatun Jami'a a Amurka

Ɗalibin da ya yi sakandare da Faransanci a Yamai ko Damagaram, ko da Larabci a Sudan, idan ya nufi jami'a a Amurka, harshe ne zai fara tare masa hanya. Za a ce ya kawo sakamakon TOEFL, jarrabawar da aka soma a 1964, ko na IELTS da ta zo a 1989. In makinsa bai kai ba, sai ajin koyon Turanci tukuna. Tsarin ba sabo ba ne, domin tun 1941 Jami'ar Michigan ta buɗe cibiyar koya wa baƙi Turanci a ƙarƙashin Charles Fries.

A da, sai ɗalibi ya gama da Turanci kaf kafin ya leƙa zauren lacca. Wata shida ko shekara guda kuɗi na fita, digiri kuwa bai motsa ba. Yanzu jami'o'i da dama sun sassauta: wanda ya kai ajin ƙoli a Turanci ana barinsa ya ɗauki kwas ɗaya ko biyu tare da ɗaliban jami'a, a rubuta masa maki. Wasu ma sun mai da abin shirin share fage na shekara guda, kamar yadda Jami'ar Jihar Oregon ta yi da kamfanin INTO tun 2008.

A ganina wannan gyara ne mai kyau, kuma dalilin yana cikin yadda harshe ke shiga kan mutum. Masanin ilimi Jim Cummins, da ya yi nazarin 'ya'yan baƙi a makarantun Kanada, ya gano cewa Turancin hira kan samu cikin shekara biyu, amma na karatu sai ya ci shekara biyar zuwa bakwai. Kan yara ya yi binciken, sai dai manya ma sun san wannan tazara. Mutum zai iya cinikin kaya a kanti, ya yi raha da abokai, amma malamin tattalin arziki ya yi minti hamsin yana zuba bayani bai kama rabi ba. Malamin ajin Turanci yana sassauta murya, yana maimaitawa, yana duban fuskarka ya ga ko ka gane. Malamin jami'a ba ruwansa da wannan. Gara ka saba da saurinsa tun kana da wanda za ka kai wa rubutunka ya gyara, da a ce ka gamu da shi kana ɗauke da kwas biyar.

To amma fa taurar ta biyu tana da tauri. Kwas mai kiredit uku yana nufin awa uku a aji kowane mako, da kusan awa shida na nazari a ɗaki. Makin da ka samu kuma ba gwaji ba ne, ya zauna a takardar sakamakonka ke nan. A yawancin jami'o'in Amurka ana auna matsakaicin maki bisa 4.0, wanda ya yi ƙasa da 2.0 kuma gargaɗi ne ke jiransa. Shi ya sa ya fi dacewa a soma da lissafi ko kwamfuta, inda alƙaluma ke ɗauke wa harshe nauyi, a bar tarihi da falsafa sai baki ya ƙara faɗawa.

Sai batun biza, inda sakaci ke da tsada. Mai bizar F-1 wajibi ne ya zama cikakken ɗalibi: awa 18 a mako ga mai koyon harshe zalla, kiredit 12 a zango ga mai digirin farko. Wanda ya haɗa biyun, jami'in kula da ɗaliban waje ne zai tabbatar lissafinsa ya cika. Tun 2016 kuma hukumomin Amurka suka hana ba da takardar I-20 ta digiri, wadda ake neman bizar da ita, ga wanda aka ɗauka bisa sharaɗin sai Turancinsa ya inganta. Dole takardar ta nuna ainihin shirin da yake ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne iyaye kan sayar da gona ko dabbobi ba tare da an yi musu bayanin nan ba. Digirin farko a can kiredit 120 ne galibi, kuma ba kowane darasi na shirin share fage ake lissafawa a ciki ba. Saboda haka, ɗan'uwa mai shirin tafiya, kafin ka biya ko sisi ka nemi amsa a rubuce: kiredit nawa za su shiga digirinka, wane maki ake so kafin ka wuce, kuma in ka sauya jami'a za a karɓi abin da ka yi ko kuwa sabon lale za ka sake.