Yadda Teku Ta Cinye Hanyar Jirgin Ƙasa A Japan

Japan ƙasa ce ta tsibirai, can gabas mai nisa, ruwa ya kewaye ta ko'ina. Mutanenta sun ƙware wajen aikin jirgin ƙasa. Suna da wani jirgi mai aiki da lantarki, wanda gudunsa ya fi mil 150 a awa guda. Amma ƙasar tasu tana da wata masifa, wato yawan girgizar ƙasa.

Ran Jumma'a, 11 ga watan Maris, 2011, wajen ƙarfe uku saura kwata na rana, aka yi wata girgiza a ƙarƙashin teku, gabas da birnin Sendai. Tun da aka fara auna girgiza a Japan ba a taɓa samun mai ƙarfinta ba.

A wannan lokaci jirage 27 irin masu gudun nan suna kan hanya da fasinjoji. Duka suka tsaya lafiya, ba wanda ya rasa ransa a cikinsu. To, yaya aka yi haka? Mu bi abin a hankali. Girgiza ba ta isowa gaba ɗaya. Akwai wata 'yar ƙarama mai sauri, ita ke riga zuwa, sa'an nan babbar ta biyo baya. Ma'aikatan jirgi sun kafa na'urori a bakin teku. Da na'ura ta ji ƙasa ta soma motsi, sai ta yanke wutar lantarki, birki kuwa ya kama da kansa, ba sai direba ya taɓa kome ba. Ratar ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi ba, amma ta isa jirgi ya soma rage gudu. Jirgi ɗaya kaɗai na irin nan ya sauka daga kan dogo, shi ma na gwaji ne, ba fasinja a ciki.

An dai yi ɓarna. Turakun lantarki ɗaruruwa sun karkace ko sun karye, ginshiƙan gadoji sun tsage. Amma cikin kwana 49 aka gyara wannan babbar hanya, ran 29 ga Afrilu jirage suka koma bin ta tun daga farko har ƙarshe.

Ashe babbar ɓarna ba ta girgiza ba ce, ta ruwa ce. Mu ɗauki kwano cike da ruwa, mu buge gindinsa, ai za mu ga ruwan ya yi tsalle ya zuba. Haka teku ta yi. Ƙasan teku ya ɗaga, ruwa ya taso ya nufo gaɓa, a wurare da yawa tsayinsa ya fi ƙafa 30. Wannan shi ne mutanen Japan ke kira tsunami. Mutum fiye da 18,000 suka mutu ko suka ɓace.

Ƙananan hanyoyin jirgi da ke bin bakin teku, masu ɗaukar 'yan makaranta da masunta da tsofaffi, su suka sha wuya. Babban kamfanin jirgin yankin ya ƙidaya tashoshinsa 23 da ruwa ya share. Dogo wajen mil 37 ya tafi. Wani wuri sai ka ga ƙarfen dogo ya murɗe kamar igiya, wani wuri kuwa ƙasar da aka shimfiɗa shi a kai ma babu.

A tashar wani gari mai suna Shinchi, jirgi mai tarago huɗu ya tsaya da fasinja wajen 40. Cikinsu akwai 'yan sanda biyu, samari. Da suka ji labarin ruwa na zuwa, sai suka fito da mutane, suka tasa su gaba zuwa ofishin hukumar gari, nesa da teku. Ba a jima ba ruwa ya iso, ya ɗauki taragun nan ya lanƙwasa su kamar gwangwani. Ma'aikatan jirgin da suka tsaya a tasha suka hau gadar ƙafa da ke bisa dogo, nan suka kwana cikin sanyi, suka tsira. Da fasinjojin sun zauna jiran jirgi ya tashi, da labari ya sha bamban. A shekarar 2004 irin wannan ruwa ya sami wani jirgi cike da mutane a ƙasar Siri Lanka, ba wanda ya gargaɗe su, fiye da mutum 1,000 suka hallaka.

Gyaran hanyoyin bakin teku ya ɗauki shekaru. Wani ƙaramin kamfani na yankin Sanriku ya burge mu: kwana biyar bayan masifa ya sa jirgi ya soma tafiya a ɗan guntun dogon da ya ragu, kyauta, don mutane su je neman abinci da 'yan'uwa. Ƙasar Kuwait ta ba da gudummawar man fetur, da kuɗinsa aka saya musu sababbin taragu. A watan Afrilu, 2014 suka buɗe hanyarsu duka.

Waɗansu hanyoyin ba a mayar da su ba sam. Aka cire dogo, aka zuba kwalta, motocin safa suka maye gurbin jirgi. Tashar Shinchi kuwa aka matsar da ita baya daga teku, aka sāke gina ta, jirgi ya koma tsayawa a cikinta a watan Disamba, 2016.