In Maigida Ya Ce Zai Bar Giya

'Yan'uwana mata, akwai gidajen da giya ta shiga, matar gida tana ta roƙon Allah Ya nuna mata ranar da maigida zai bari. To, ran da ya ce ya bari abin murna ne, amma akwai abin da ya kamata ki sani, don kada murna ta koma ciki.

Wanda ya daɗe yana sha kullum, jikinsa ya riga ya saba. Giya tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuwa sai ta riƙa ƙara ƙaimi don ta iya aikinta. In aka janye giyar farat ɗaya, sai ta zama kamar dokin da aka cire wa linzami. Awa 6 zuwa 24 bayan kurɓin ƙarshe sai hannu ya kama rawa, ga gumi, ga tashin zuciya, barci ya ƙi zuwa. Cikin kwana 2 na farko wani yakan faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Wani kuwa wajen kwana na 3 sai ya ruɗe, jiki ya yi zafi, yana ganin ƙwari ko macizai a bango. Sai ki ji ana cewa iska ce. Ba iska ba ce, ciwo ne, kuma yana kisa.

Saboda haka tun kafin ya bari a je wurin likita. Maganin da aka fi bayarwa shi ne Librium, wanda ya fito a 1960, ko Valium, watau diyazefam, wanda ya fito a 1963. Aikinsu su kwantar da ƙwaƙwalwa, su hana faɗuwa da ruɗewa. Likita yakan fara da mai yawa, sa'an nan ya riƙa ragewa kullum, har a daina cikin mako ɗaya ko kwana 10. In hanta ta taɓu, ko mutum ya tsufa, akan zaɓi lorazefam, don bai cika wahalar da hanta ba. Akan kuma yi allurar bitamin B1, gama mashayi ba ya cin abinci sosai, rashinta kuwa yana sa tangaɗi da mantuwar da ba ta warkewa.

Kada ki aiki yaro kemis ya sayo waɗannan ƙwayoyi. In suka haɗu da giya suna iya tsai da numfashi, in kuwa aka daɗe ana sha su ma sukan kama mutum, a gudu gara a faɗa gidan zago.

Naki aikin kuwa, ki gaya wa likita gaskiya: nawa yake sha, yaushe ya sha na ƙarshe, ko ya taɓa faɗuwa a da. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In an bar shi ya yi jiyya a gida, ki riƙe maganin a hannunki, ki dama masa kunu, ki ba shi ruwa, ki bar fitila a kunne da dare, kada kuma ki yi masa gori. Da kin ga ya faɗi ko ya fara sambatu, sai asibiti nan da nan. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato.

Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku mata da maƙwabta wannan, wataƙila ku ceci rai.