Hoto Shaida Ne, Taswira Kuwa Hukunci Ce

Duk wanda ya zauna a Palladan, a kan hanyar da ta haɗa Sabon Gari da Samaru, ya saba da ƙugin ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a 1964. Ɗalibin da ke sama yana hangen Zariya baki ɗaya ta taga: Dutsen Kufena, rafin Kubanni, layin dogo. Duk da haka sai an koya masa karanta taswira. Na daɗe ina nazarin dalili.

Hoto yana kwashe duk abin da ke gabansa, daga wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Taswira kuwa zaɓe take yi. Tana zubar da inuwa da launi, ta riƙe nisa da alƙibla, sannan ta ƙara abin da ido ba ya gani, wato suna da iyaka. Hannun da ya zana ta shi ke yanke abin da zai shiga.

A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bai wa Baturen Birtaniya Hugh Clapperton taswira a Sakkwato, wadda ta nuna kogin Kwara yana gangarawa gabas zuwa Masar. Sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka bi kogin har teku a kudu. Ashe taswira na tafiya ne gwargwadon sanin mai zana ta, ko abin da ya ga damar nunawa.

Maganar ta zo mini har gida ranar da wani maƙwabcina ya shiga rikicin fili. Ya kai hotunan gidan da mahaifinsa ya gina, har da bishiyar mangwaron da ke ƙofa. Abokin shari'arsa ya kawo takarda ɗaya mai layuka da lambobi daga masu safiyo. Aka saurari mai takarda.

Yau kowa na iya hango rufin gidansa a wayar hannu, ya ɗauka magana ta ƙare. Wannan hoto ne kawai, bai san na wane ne ba. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana 'yan boko: mu auna filayen iyayenmu, mu koya wa 'ya'yanmu karanta taswira kamar yadda suke karanta littafi. Wanda bai zana iyakarsa ba, wani zai zana masa. Allah Ya sa mu farga.