Haƙurin yaro da alƙawarin da kika manta

Sau nawa kika ce wa ɗanki, "Yi shiru, in mun fito zan saya maka alewa," kuka fito kuma zancen ya bi iska? Kusan kullum sai na ji wannan a kantin magani. Ni ma na taɓa yi, ba zan ɓoye miki ba.

A ƙarshen shekarun 1960, wani masanin halayyar ɗan Adam, Walter Mischel, ya fara wani gwaji a Jami'ar Stanford da ke Amurka. Za a zaunar da yaro mai kimanin shekara huɗu shi kaɗai, a ajiye masa alewa ɗaya, a ce in ya jira a dawo zai samu biyu. Wasu nan take suka lamushe. Masu jurewa kuwa dabara suka yi: wannan ya rufe ido, wancan ya juya baya yana waƙa. Da aka bibiye su bayan shekaru, an ga masu jiran sun fi ƙoƙari a karatu, sai mutane suka ɗauka haƙuri halitta ce, ko an haife ka da shi ko babu.

A 2018 wasu masu bincike suka sake duba lamarin da yara fiye da 900. Da suka yi la'akari da samun gidan da ilimin uwa, bambancin ya ragu ƙwarai.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Celeste Kidd a Jami'ar Rochester. Kafin a kawo alewa, an yi wa yaran alƙawarin sabbin kayan zane. Rabinsu aka cika musu, rabin aka ba su haƙuri cewa babu. Waɗanda aka cika wa sun jira kusan minti 12, waɗanda aka saɓa wa kusan minti 3. Yaron da ya yi wuf ya cinye ba wawa ba ne. Lissafi ya yi: maganar babban nan ba ta da tabbas.

To ki duba yadda muke ba da magani. Mu ce allura ba zafi, ta yi zafi. Mu ce ruwan maganin zazzaɓin cizon sauro zaƙi ne da shi, ya ji ɗaci. Gobe kuma a taru a danne shi, ana cewa ya cika taurin kai. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20, don haka ɗan shekara huɗu da birkinki yake aiki.

Ki faɗa masa gaskiya: "Akwai ɗaci kaɗan, ka sha, ga ruwa nan." Lokacin allura ki ba shi abin yi, ya ƙirga yatsunki ko ya hura iska. In kuma kin ce za ki sayi alewa, ki saya kafin ku hau mota.