Daga amya zuwa Kurmi: Yadda ake samun zuma da abin da ke rage ta

A Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, ba a rasa zuma a rumfunan masu magungunan gargajiya. Sai dai ba a cikin badala ake samar da ita ba. Daga karkara ake kawo ta, inda har yau ake saƙa amya da ciyawa, a yaɓe ta da kashin shanu, a ɗora a kan bishiya.

Ƙudan zuma furanni suke bi. Gawo na fure bayan ɗaukewar ruwa, sannan kaɗanya da ɗorawa da mangwaro su biyo baya a cikin rani. Shi ya sa amya ke cika gab da damina, lokacin da ake babbar ɗiba. Idan ruwa ya kankama, ƙudan kan rage fita, su koma cin abin da suka tara.

A nan matsalar take. Mai ɗiba da dare da wuta yakan kwashe saƙar baki ɗaya, har da ƙwai da 'ya'yan da ke ciki. Ƙudan da suka tsira ba su da abincin damina, kuma irin na Afirka ta Yamma ba ya jinkirin ƙaura idan an takura masa. Ga masu gawayi suna sare bishiyoyin da ke ciyar da su, ga feshin maganin ƙwari a gonakin wake daidai lokacin fure. Tarayyar Turai ta hana amfani da nau'i uku na magungunan neonicotinoid a fili tun 2018, saboda illarsu ga ƙudan.

Idan zuma ta yi ƙaranci, algus ke cike gurbin, galibi da narkakken sukari. Gwajin ashana ko na tururuwa da ake yayatawa ba hujja ba ne, kuma daskarewa ba alamar jabu ba ce, domin zuma ta gaskiya ma tana daskarewa. Ƙa'idar Codex ta ce kada ruwan da ke cikinta ya wuce kashi 20 cikin 100, abin da sai da na'ura ake aunawa.

Tantance abinci aikin hukumar NAFDAC ne, amma zumar da ake ɗurawa a tsohuwar gorar ruwa ba ta da lambar rajista, balle a gano wanda ya haɗa ta. Kare gawo da ɗorawa kuwa yana wuyan gwamnatin jiha.