NAMAN KAZA NA SURI: A SAN SHI KAFIN A CI SHI

Ƴan uwa manoma, a watan 7 da watan 8 rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, nama kuwa ya yi tsada. A wannan lokaci ne naman kaza yake fitowa bayan ruwa mai ƙarfi, musamman a kudu inda aka fi samun ruwa, kamar wajen Gaya da dajin Baban Rafi. Abinci ne mai gina jiki. Amma yana da ƴan uwa masu dafi, waɗanda muke kira laimar kwaɗi. Kuskure ɗaya yana iya kwantar da gida duka.

Wane ne na ci?

Wanda aka fi sani shi ne na suri. Gara ce take noma shi a cikin gidanta, ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa yake da doguwar saiwa mai sirancewa, wadda ta nutse har cikin surin. A tsakiyar hularsa akwai ɗan tsini mai tauri. Ƙarƙashin hular fari ne, ko da ɗan ja-ja in ya manyanta.

Kada ku tsinke shi daga sama. Ku tona da wuƙa, ku ga gindin da idonku. Kada ku rushe surin, don baɗi ma nan zai fito.

Wane ne na bari?

1. Wanda ƙarƙashin hularsa ya yi kore-kore in ya tsufa. Yakan fito cikin ciyawa da wurin taki. Yana ƙarami fari ne fat, nan yake ruɗin mutane. Yana sa amai da zawo cikin awa 1 zuwa 3.
2. Wanda gindinsa yake zaune cikin ƴar jaka kamar ɓawon ƙwai. Cikin irinsa akwai mai kisa. Ciwon ba ya tashi sai bayan awa 6 zuwa 24. Mutum ya ji sauƙi, ya ce ya warke, alhali dafin yana cin hantarsa.
3. Duk wanda ba ku sani ba. Ku kai wa tsohuwar da ta daɗe tana cin sa ta duba. Matambayi ba ya ɓata.

Wasu suna cewa in akuya ko ƙwaro ya ci, mutum ma ya ci. Ba gaskiya ba ne. Tafasa ma ba ta kashe dafin mai kisa.

Dahuwa

Ku zubo shi a kwando, ban da leda. Ku dafa ran nan, don tsutsa ba ta jira. A kankare ƙasa, a wanke, a yayyanka. A soya albasa da man gujiya, a zuba shi sai ruwansa ya tsotse, sannan a sa tumatir, daddawa, tonka da gishiri, ya dahu sosai. Kada a ci shi ɗanye. In ya yi yawa, a yanka shi siri-siri, a shanya bisa tabarma har ya bushe ƙayau.

In wani ya ci ya fara amai

Ku kai shi gidan likita nan take, tare da ragowar abin da ya ci. Ku kai duk waɗanda suka ci tare da shi, yara a gaba. A hanya ku riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari: litar 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ko ya ce ya ji sauƙi, kada ku juya.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu damana mai albarka.