Darasin Tushen Kasuwanci a Zuru: Dokar Aji Ita Ce Karatun Farko

Duk wanda ya san ƙasar Zuru, da abu biyu ya fi saninta, wato noma da aikin soja. Daga wannan ƙasa ne aka sami Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya daga 1996 zuwa 1999, da kuma marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi Gwamnan soja na Jihar Bauchi daga 1984 zuwa 1985. Ta fuskar noma kuwa, dawa da masara da gero da ake nomawa daga Dabai zuwa Mahuta, daga Ribah zuwa Dirin Daji, sun isa shaida. Fannin da ba a cika jin sunan Zuru a cikinsa ba shi ne ciniki. Sau da yawa manomi shi zai sha wahalar damina, ya sayar da amfaninsa da araha da kaka, sa'an nan wanda ya saya ya ajiye shi ne zai ci ribar da bazara.

Wannan ne ya sa ya dace a duba wani darasi da ɗalibai da yawa suke ɗauka ƙarami, wato darasin tushen kasuwanci. A shekarar 2020 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Koyon Aikin Gona ta Tarayya a Zuru, garin da aka daɗe da saninsa da Kwalejin Koyon Aikin Gona. Bisa ga tsarin karatun jami'o'in ƙasar nan, ɗalibin da ya shiga don nazarin tsirrai ko kiwon dabbobi ba zai karɓi digiri ba sai ya zauna ajin koyon kafa sana'a da tafiyar da ita, ya kuma bi dokokin da aka gindaya wa wannan aji.

Asalin Darasin

A shekarar 2006 ne Gwamnatin Tarayya ta ba da umurnin cewa daga zangon karatu na 2007/2008 kowane ɗalibin babbar makaranta sai ya koyi dabarun kafa sana'a, kome fannin da yake karantawa. Dalili kuwa a fili yake. Masu kammala karatu suna ƙaruwa kowace shekara, alhali guraben aikin gwamnati ba su ƙaruwa daidai da su. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta fito da sabon tsarin karatu, inda aka sa darasin ENT 211 a shekara ta biyu domin koyar da tushe, da ENT 312 a shekara ta uku domin koyar da yadda ake kafa sana'ar kanta.

'Ya'yan Zuru da suka nufi kwalejojin kimiyya da fasaha, kamar ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi ko ta jiha da ke Dakingari, su ma ba su tsira ba. Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, wadda aka kafa a 1977 mai hedkwata a Kaduna, ita ke tsara karatunsu. Mai karanta harkokin kasuwanci yana farawa da BAM 111 tun zangonsa na farko, sauran ɗalibai kuma suna ɗaukar darasin koyon kafa sana'a tare da fanninsu.

Abin da Ake Koyarwa

Darasin yana farawa ne da bayyana irin sifofin da kasuwanci yake ɗauka. Akwai sana'ar mutum ɗaya, wadda riba da hasara duka a kansa suke, har ma ana iya sayar da gonarsa a biya bashin shagonsa. Akwai ta haɗin gwiwa tsakanin mutum biyu ko fiye. Akwai ƙungiyar gama kai, irin wadda manoma suka sani wajen sayen taki. Akwai kuma kamfani, wanda doka take ɗaukarsa kamar mutum mai zaman kansa, ta yadda in ya karye hasarar mai hannun jari ba ta wuce abin da ya zuba ba. Ana koya wa ɗalibi yadda ake rajistar sunan sana'a a Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista, da kuma cewa dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya tak ya kafa ƙaramin kamfani, abin da a da sai mutum biyu.

Amma zuciyar darasin ita ce raba uwar kuɗi da riba. Bari mu kawo misali irin na aji, da farashin da aka ƙaddara don lissafi kawai. A ce ɗalibi ya sayi buhun dawa 10 da kaka a kan Naira 40,000 kowane, ya ajiye, da bazara buhu ya kai Naira 55,000. In an tambaye shi ribarsa, nan take zai ce Naira 150,000. To, amma ya manta ya biya kuɗin mota da na 'yan dako Naira 15,000, da hayar sito Naira 20,000, da maganin ƙwari Naira 10,000. Ke nan abin da ya kashe Naira 445,000 ne. Ya kuma manta cewa ƙwari da ɓera sun ci masa kimanin buhu guda, saboda haka buhu 9 ya sayar, ya karɓi Naira 495,000. Ribarsa ta gaskiya Naira 50,000 ce, kashi ɗaya cikin uku na abin da yake zato. In ya ci Naira 150,000 a matsayin riba, to, ya ci Naira 100,000 daga cikin uwar kuɗinsa bai sani ba. Haka shaguna da yawa suke mutuwa alhali ciniki yana tafiya. Wannan ma in farashi ya tashi ke nan, gama a 2025 farashin hatsi faɗuwa ya yi a kasuwannin Arewa, waɗanda suka ajiye da fatan tsada kuwa suka ji a jikinsu.

Maganin wannan shi ne rubutu, wato littafin shiga da fita. Ba sabon abu ba ne, domin tun 1494 wani masanin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya wallafa bayanin hanyar da 'yan kasuwar birnin Venice suke bi wajen rubuta kowane ciniki a ɓangare biyu, inda kuɗi suka fito da inda suka shiga. Bahaushe ma ba baƙo ba ne a ciniki. Fataken goro sun daɗe suna zuwa Gwanja, Alhaji Alhassan Dantata kuwa, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya fara kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa a Kano. Abin da aji yake ƙarawa shi ne a mai da abin da iyaye suka riƙe da ka ya zama rubutacce, yadda banki zai iya dubawa ya ba da rance, magaji kuma ya iya ci gaba bayan mai shi.

Dokokin Aji

A mako na farko malami yakan karanta wa ɗalibai dokokin darasi. Yawancinsu ba su cika sauraro ba, sai ƙarshen zango su yi da-na-sani.

Doka ta farko ita ce ta halarta. Ƙa'idar da aka saba da ita a jami'o'i da kwalejojin ƙasar nan ita ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 daga cikin ɗari na laccoci kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. A ji kamar da sauƙi, amma a lissafa. In darasi sau ɗaya ake yinsa a mako, zango kuwa mako 15 ne, wanda ya yi fashi sau 3 yana da kashi 80, ya tsira. Wanda ya yi sau 4 ya sauko kashi 73, ƙofar ɗakin jarrabawa ta rufe masa. Bikin aboki ɗaya, da zuwa gida cire ciyawa sau biyu, da makara rana ɗaya, sun isa su sa a maimaita darasin baɗi.

Ta biyu ita ce rabon maki. Gwaje-gwaje da jingar da ake bayarwa a tsakiyar zango suna ɗaukar kashi 30 zuwa 40, jarrabawar ƙarshe kuma ta ɗauki saura. Saboda haka wanda ya yi watsi da jinga yana jiran daren jarrabawa ya riga ya zubar da kusan sulusin makinsa, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Jinga tana da ranar karɓa, wanda ya kawo bayan ranar ana rage masa maki, ko kuma a ƙi karɓa sam.

Ta uku ita ce ta gaskiya. Ba a sa wa aboki hannu a rajistar halarta, ba a kwafe jingar wani, ba a ɗauko rubutu daga intanet a ce na kai ne, ba a shiga ɗakin jarrabawa da wayar hannu. Satar jarrabawa ta wuce laifin makaranta, laifi ne a dokar ƙasa. Dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21 a kanta. Dokar da ta biyo baya a 1999 ta sassauta, amma har yanzu akwai tara ko ɗauri, hukuncin malami ko mai sa ido da aka kama da hannu a ciki kuwa ya fi na ɗalibi tsanani.

Wani zai ce mene ne haɗin waɗannan dokoki da kasuwanci? In an duba da kyau, su ne kasuwancin kansa. Mai shagon da yake buɗewa yau ya rufe gobe, masu saye sai su koma wajen maƙwabcinsa. Ɗan kwangilar da ya kawo kaya bayan ranar alkawari, sau ɗaya ake ba shi aiki. Wanda kuwa ya saba sa hannun ƙarya a rajistar aji, ba zai ji nauyin tauye mudu ko rubuta rasit na ƙarya ba. Ɗalibi yana iya manta ma'anar kamfani bayan jarrabawa, amma halin da ya ɗauka cikin mako 15 shi zai bi shi kasuwa.

Ɗan ƙasar Zuru bai kamata ya ga wannan baƙon abu ba. A al'adar Dakarkari, wato Lelna, akwai golmo, inda saurayi yake yin noma a gonar surukinsa, bisa al'ada har shekara bakwai, kafin a ba shi mata. Ba ƙarfinsa kaɗai ake aunawa ba. Ana duba ko yana fitowa a kan lokaci, ko yana gama abin da ya fara, ko za a iya danƙa masa amana. Jama'ar da ta san golmo ta riga ta san ma'anar rajistar halarta.

Doka Ta Hau Kan Malami

Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa doka ba ta tsayawa da ƙafa ɗaya. Malamin da yake neman kashi 75 daga ɗalibi, wajibi ne shi ma ya shiga aji a kan lokaci, ya duba jinga ya mayar wa masu ita, ya kafa makin gwaji a allo kafin jarrabawa. Tilasta wa ɗalibai sayen takardun darasi, wanda jami'o'i da dama suka haramta, yana koyar da mugun ciniki a cikin ajin da aka kafa don koyar da nagari.

Haka kuma ya kamata hukumomin makarantu su yi la'akari da halin da ƙasar take ciki. Shekarun nan 'yan bindiga sun addabi sassan Danko-Wasagu da Sakaba, har akwai lokutan da bin hanya yake zama kasada. Ɗalibin da hanya ta tsare, ko wanda rashin lafiya ya kwantar, ba ɗaya yake da mai fashi don ganin dama ba. Abin da ya dace shi ne a sami hanya rubutacciya ta kawo uzuri tare da shaida, kowa ya santa tun mako na farko, don kada sassauci ya zama sai ga mai uwa a gindin murhu.

Ga Ma'aikatan Gwamnati

Wannan magana ba ta ɗalibai kaɗai ba ce. Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci tafiyar da kasuwanci na kansa, in ban da noma. Ga ma'aikaci a Zuru wannan ƙofa ce a buɗe, gama gona ma kasuwanci ce, tana da jari da hasara da riba. Bugu da ƙari, galibin ma'aikata suna ajiye aiki ne in sun kai shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Kowa ya san labarin wanda ya karɓi garatuti ya buɗe kanti, 'yan'uwa suka ɗauki kaya bashi, cefanen gida yana fita daga aljihun kanti, kafin shekara biyu sai kanta babu kome. Da ya riƙe littafin shiga da fita a gonarsa tun yana aiki, da bai fara koyon ciniki da kuɗin tsufansa ba.

Saboda haka uban da ɗansa yake wannan aji zai kyauta in ya karɓi littafinsa ya duba lokacin hutu, su zauna tare su lissafa abin da gonar gida ta ci bana da abin da ta bayar. Ɗalibi kuma ya sayi littafin rubutu guda tun yau, ya fara da kuɗin makarantarsa, ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita har ƙarshen zango. Ya kuma riƙa ƙirga ranakun fashinsa da kansa, kada ya bari sai an kafa sunaye a allo. Allah Ya sa mu dace.